Injin Wankin da Bai Shiga Ɗaki Ba

…kuma koren ma ba laifi. A'a, wane irin ba laifi, Ineke, faɗi gaskiya mana, kyau ne da shi. Tana zaune a ofishinta na saman sito, kofi na huce mata a gefen kwamfuta, tana kallon sabon shafin intanet na kantin kamar wadda aka ɗinka wa riga ta zauna mata cif. Kore mai sanyi. Firij a nan, murhun girki a can, kowanne da wurin shan iska. Rubutu manya-manya, kai, har ba sai ta laluba tabarau ba! Da fa? Da shafin nan ruwan lemo ne mai kashe ido, farashi na tsalle, taurari na ƙiftawa, mutum ya shigo neman butar shayi ya fita da ciwon kai. Shekara nawa tana cewa za a gyara, za a gyara…

To, an gyara. Saura ta danna.

Maɓallin ga shi can a kusurwa, ɗan mitsitsi, yana jiranta. Tana dannawa, duk wanda ya buɗe kantin Ƙugiya, daga nan garin Haarlem har ƙarshen ƙasa, sabon zai gani. Jelle ya gama nasa. Jelle mai zane, dogo kamar falwaya, mai zuwa taro da wandon keke yana ɗigar ruwan sama a kan kafet, mutumin da ya dubi tsohon shafin ranar farko ya ce mata, ko gaisuwa ba su ƙarasa ba, “Ineke, wannan kanti ne ko gobara?” Ta yi dariya har da hawaye. Ai gaskiya ya faɗa. A nan wa ke ɓoye wa wani? In miyarki ba ta yi daɗi ba a teburinki za a gaya miki, a kuma ƙara cokali.

Saƙonsa na safiyar nan na nan a buɗe. Komai ya kammala, maɓalli na hannunki. Tambaya ɗaya, na Babanki fa? A bar masa ko a rufe?

Na Baba…

Bari dai. Kofi tukuna. Ya huce, oho, haka za ta sha.

Ai ba da ka aka yi ba, wannan kam ba mai cewa da ka aka yi. An gwada. Haka masu wannan sana'a suke yi, a raba masu shigowa gida biyu ba tare da sun sani ba, rabi a nuna musu tsohon shafi, rabi sabo, a koma gefe a zuba ido. Wa ya tsaya, wa ya gudu, wa ya saka injin tsotsar ƙura a kwando har ya biya. Makonnin nan kullum da safe sai ta leƙa, kamar mai kiwon kaji. Sabon ya yi wa tsohon fintinkau. Tsofaffi ma — su da ta fi jin tsoro — sun fi daɗewa a sabon. Wata mata har ta rubuto, wai yau ne karon farko da ta gane inda ake duba kuɗin kawowa gida. Madalla. Me kuma ake nema? Daɗi take ji, daɗi sosai, irin na wanda ya share ɗakin ajiya ya ga ashe akwai taga.

Sai tambarin.

Ba launin ba, ba rubutun ba. Ɗan hoton nan na sama ta hagu, wanda ke jikin motocinsu da kwalayensu da rigunan masu lodi tun kafin ta san hannunta na dama. Dogon gida siriri, ƙugiya a ƙoƙuwarsa, igiya ta sauko, injin wanki na lilo a tsakanin sama da ƙasa. Kowa a garin nan ya san abin da ake nufi, matakalar gidajen nan ai tsani ne aka yi wa fenti, wa zai bi ta da firij? Ta taga ake shiga. A cire gilashi, a zura igiya, mutum ɗaya a ƙasa yana ja, ɗaya a sama yana miƙo hannu, masu keke na wucewa suna zagi. Amma yanzu kantin ba na garin nan kaɗai ba ne. Jelle ya nuna wa mutane hoton ya tambaye su me suka ji. Zai faɗo, in ji su. Kan wa zai faɗo? Ɗaya ma cewa ya yi kamar kamfanin kwashe shara. Tabɗi! Shara!

Shi ne Jelle ya zana wani. Gidan dai shi ne, ƙugiyar na nan ƙarama a sama, amma ba igiya. Injin na ciki, ana hango shi ta taga, labule a buɗe kamar na kowa, ya zauna daram. Kuma, Mama, ki yi haƙuri — ya fi kyau. Ya fi. A fuskar waya, inda hoton bai wuce farcen babban yatsa ba, naki tabo yake zama, kamar ƙuda ya mutu a gilashi.

Tsohon kuwa Mama ce ta zana shi, a bakin ruwa, can tsallaken, zaune kan akwatin lemo da cikin Ineke ya yi mata tulu, bayan kwali a cinya, fensirin kafinta a hannu. Baba a ƙasa da igiya, jijiyoyin wuya sun tashi, injin farko da suka taɓa sayarwa. Ita ba ta gani ba, ina za ta gani, tana ciki. Amma an ba ta labarin har ta fi waɗanda suka gani gani. “Truus, zane kike ko taimako?” “Ja kawai, Koos, kar ka motsa, ka ɓata mini layi!” Ya ja kuma kar ya motsa. Haka suka yi ta yi har ta rasu, shi yana ja, ita tana ce masa kar ya motsa…

Ƙasa a sito an saki wani abu, ƙarar ƙarfe, sai ashar, sai dariya. In da dariya to ba a fasa ba. Motar zuwa garin Leiden ce ke lodi. A tuna a gaya musu sabbin riguna sai wata mai zuwa, kore su ma. Za su yi ƙorafi, dole, in ba su yi ba ai sai a kai su asibiti.

Na Babanki fa?

To. Abin da ya faru ke nan, kuma ba wani abu ba ne. Ba wani abu ba ne! Baba yana can gidan tsofaffi na bayan gidan burodi, ɗakinsa, kujerarsa, tagarsa, ƙafa ta ƙi amma kai garau. Kullum da hantsi, kofi ɗaya, biskit ɗaya, a rufe gwangwani, sai ya ɗauko kwamfutar hannun da ta saya masa ya buɗe kanti. Shi a wurinsa buɗe kanti ne, kamar yadda yake ɗaga ƙofar ƙarfe da. Ya duba ko an rage wa firij kuɗi, ya yi tsaki, ya rufe. Ranar da za a fara gwajin nan ta kasa cin burodinta na rana. In ya faɗa rabin sabon fa? Ya buɗe ya ga ba igiya, ba lemo, ba hannun matarsa? Mutumin da har yau bai yarda an taɓa madubin ɗakinta ba?

Shi ne ta ce da Jelle, a tsaye, tana saka kwat, kamar abin bai dame ta ba, ko akwai yadda za a yi mutum ɗaya ya riƙa ganin tsohon kullum? Ya ɗaga gira. “Akwai. Amma me zai hana ki gaya masa?” Ta ce za ta gaya masa. Ran Lahadi. Ya ce to. Ya ɗaure kwamfutar Baba a tsohon shafi, ko sau dubu ya buɗe, lemo zai gani.

Lahadi ta zo, ta wuce. Wata Lahadin ta zo. Ta je, ta kai masa cuku da kifi, sun zauna, ya yi mata ƙorafin lif ɗin hawa benen gidan, wai abin da ya mai da mutane ragwaye ke nan, ta buɗe baki — Baba, akwai wata magana — sai ta ji kanta tana cewa kawo kwamfutar in duba maka ko tana buƙatar gyara. Ita, Ineke! Ita da ta gaya wa mijinta ranar aurensu cewa takalminsa bai dace ba. Ita da masu kawo kaya ke tsoron kiranta. A ƙasar da ake gaya wa mutum ya yi ƙiba a bakin ƙofa kafin a karɓi kwat ɗinsa, ita ce ta gina wa ubanta kanti na shi kaɗai, ba mai shiga sai shi.

Kuma ana iya ci gaba da hakan, abin haushin ke nan. Jelle ya ce ana iya. A bar tsohon a wani lungu, farashi na canzawa da kansa, ba wanda zai sani. Shekara, shekara biyu, iya dai… iya abin da ya rage. Wa aka cuta? Tsoho ya buɗe kantinsa da safe ya ga zanen matarsa. Wannan ƙarya ce ko jinƙai? In ƙarya ce ma ai irin wadda ake yi wa yara ce, ta tsohon nan mai kawo kyauta a watan sanyi, a ajiye takalmi a wayi gari da alewa. Wa ya taɓa mutuwa don ita? Sai dai Baba ba yaro ba ne. Kuma motocin fa? Ranar da motar Ƙugiya ta wuce ta gaban tagarsa, kore shar, ba igiya? Za ta ce wa direbobi su riƙa zagaye unguwar? Haba, Ineke. Rigunan fa? Kwalin da za a kai wa maƙwabta? Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Rana ta ɗan leƙo, abin mamaki. Ta faɗo kan teburin, kan guntun burodin da ta bari, kan hoton Mama. Wallahi ranar nan mai kyau ce. Da ba don wannan ɗan ƙullin ba, da yau kek za ta saya wa kowa, mai tuffa, da kirim a kai. Za ma ta saya. Mutum ya yi aiki mai kyau ai ya kamata ya ci kek.

Waya na rawa a kan tebur. Baba. Saƙon murya — shi da ya ce saƙon murya na malalata ne, mai magana ya kira. Gabanta ya faɗi. Faɗuwa ya yi? A'a, wanda ya faɗi ba ya tsayawa naɗar murya. Danna mana. Yau dai ranar danne-danne ce.

Numfashi tukuna, da ƙarar kofuna a bayansa, suna zauren shan kofi ke nan, an jera kujeru an yi da'ira kamar kullum, kowa na kallon kowa.

“Ineke. Ni ne. Wannan abin yana ɗauka? To. Ke, kwamfutar nan da kika ba ni ta lalace, ko kuma ke ce kika lalace, ɗaya dai. Riet ta ɗaki na kusa tana son injin tsotsar ƙura, na ce ta saya a wurinmu ko in daina ba ta jarida. Ta buɗe a wayarta, ni na buɗe a tawa, muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Nata kore, nawa lemo. Aka zagaya da su da'ira, kowa ya sa baki. Tun makon jiya ke nan. Na ce bari in ga yaushe 'yata za ta buɗe baki. Kin zo kin ci mini biskit biyu kin tafi.”

Wayyo. Da'irar! Ta tuna motoci, ta tuna riguna, ta tuna kwalaye, ta manta tsofaffin ƙasar nan ba sa iya shan kofi sai sun yi da'ira sun miƙa wa juna duk abin da ke hannunsu. Tun makon jiya. Yana zaune yana kallonta tana shafa kwamfutarsa, tana cewa lafiyarta ƙalau, Baba…

“Koren kamar ɗakin likitan haƙori, na gaya miki. Amma ana karanta rubutun, Riet ta saya ba ta kira jikanta ba. Hoton kuma…” Tari. Cokali a kofi. “Wa ya zana? Ki ce masa ya kyauta. Shekara hamsin da ɗoriya injin nan na lilo, duk safiya sai na dube shi cikina ya ɗaure. Kin taɓa duba ƙullin da uwarki ta zana? Da irin wannan ƙullin ko buhun dankali ba zai kai bene na biyu ba. Ni ban taɓa ɗaura shi haka ba, ita ta ga ya fi kyau a ido. Ban gaya mata ba. Shi kaɗai ne ban taɓa gaya mata ba, kar ki ce na ce. To yanzu ya shiga ɗaki, kowa ya huta. Ai dama don ya shiga aka ja shi. Ki gyara mini tawa, ba na son in zama ni kaɗai a kantin da ba kowa. Ran Lahadi ki zo da kifi, na wancan makon gishiri ya yi yawa. Yaya ake kashe wannan abin — Riet, ina ake —”

Shi ke nan.

Dariya take yi. Dariya ce, ko? Ta dafe baki, kafaɗu na rawa, ido ya cika. Ɗakin likitan haƙori! Biskit biyu, ashe ƙirgawa yake, tsohon nan, ai ta san yana ƙirgawa. Kunya ta rufe ta har kunnuwa, ga kuma wani sauƙi na saukowa daga wuya zuwa kafaɗa, kamar ta sauke jakar kasuwa. Bai yi fushi ba. Ko ya yi? Ya yi kaɗan, na biskit. Ni kaɗai a kantin da ba kowa… wannan kam ta shige ta. Ita da ta ce jinƙai take yi.

Ƙullin. Bari ta gani. Tsohon hoton, a ƙara girma, a ƙara… ga shi. Allah sarki, Mama. Wannan ai ƙullin kyauta ne, irin na ɗaure kwalin ranar haihuwa, da kunnuwa biyu! Shekara nawa tana kallonsa, a mota, a riga, a takardar kanti, ba ta taɓa gani ba. Baba kuwa kullum yana gani. Mutumin da bai iya haɗiye magana ba ko ta daƙiƙa, wanda ya gaya wa limamin coci huɗubarsa ta yi tsawo ranar jana'izar matarsa, ya haɗiye wannan tun tana ciki. Ashe gado ta yi. Ashe gidansu ma ana iya yin shiru, in an so mutum.

To ai magana ta ƙare. A rubuta wa Jelle, a rufe na Baba, a danna, a sauka a sayo kek. Mai igiyar da kansa ya ce a saki. Ba sauran dalili. Ko ɗaya.

Rubuta mana.

A rufe… Yatsun sun tsaya. Me kuma? Rana na nan, kore na nan, kyau na nan, ba abin da ya canza. In an rufe, to an rufe. Hoton ba zai ɓata ba, yana cikin ajiya, za ta iya buga shi ta rataye a bango, babba ma, da firam. Amma na bango daban. Na bango ya zama tarihi, kamar madubin ɗakinta. Wannan kuwa aiki yake yi, yau da safe ma wani a wani gari ya buɗe ya ga layin fensirin Mama a saman firij ɗin da zai saya, bai san ta ba, bai san akwatin lemo ba, amma hannunta ne ya tare shi a ƙofa. Mama na zuwa aiki kullum. Har yau. Har ta danna.

Kawo kwamfutar in duba maka…

Me take dubawa? Duk Lahadin nan, me take dubawa? Kwamfutar lafiyarta ƙalau, ta sani, ita ta saya. Takan karɓa ta koma kujerar taga, ta juya masa baya, ta buɗe, lemon nan mai kashe ido ya watso mata a fuska, ta zauna tana kallo har kofinta ya huce. Shi yana can yana fama da gwangwanin biskit. A ofis ba ta buɗe tsohon, kunya take ji, ita ce fa ta yarda gobara ce a gyara. Sai a can. A kantin mutum ɗaya. Ta ce na Baba ne…

Baba bai taɓa roƙa ba. Baba ma ƙullin ke tayar masa da hankali.

Ƙasa motar Leiden ta tashi, ana buga mata gefe, a sauka lafiya. Wani na kiran sunanta daga matakala, wai a sa hannu. Tana zuwa. Yanzun nan. Saƙon Jelle na nan da rabin amsa, maɓalli na nan a kusurwa, kuma tana son sabon, Mama, wallahi tana son sa, ya fi kyau, kowa ya faɗa, Baba ma ya faɗa. Injin ya shiga ɗaki. Ai dama don ya shiga aka ja shi.

To wa ke ƙasa har yanzu, riƙe da igiya, hannu ya yi ja, an ce ta saki ta ƙi?

Tana zuwa, ta ce. Minti ɗaya. A bar shi ya ɗan ƙara lilo… kaɗan dai…